Yadda Waya ta Karɓi Aikin Hanya a Gusau, Tsafe da Bungudu

Shekara 15 da suka wuce, harka a Zamfara da ƙafa ake yin ta. Mai shago a Tsafe in kaya sun yanke masa sai ya cusa kuɗi a aljihun ciki, ya hau mota zuwa Funtuwa ko Kano, ya ga kaya da idonsa, ya taya, ya biya, ya dawo tare da su. Ɗan Bungudu da ke aiki a Gusau hannu da hannu yake kai wa mahaifiyarsa kuɗin cefane. Yau mai shagon nan ba ya ko tashi daga kan bencinsa. A turo masa hoton kaya ta WhatsApp, a daidaita farashi ta saƙon murya, ya taka zuwa laimar mai POS ya tura kuɗi, washegari direba ya sauke masa kaya a bakin titi. Mahaifiyar ɗan Bungudu kuwa jikanta take aika ya ciro mata.

Da yawa sukan ce ai zamani ne ya kawo haka. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Wayar salula ta shigo Najeriya tun 2001, kuma mutanen Zamfara sun riƙe ta fiye da shekara 10 ba tare da sun rage zirga-zirga ba. Gaisuwa ake yi da ita, da tambayar "kana ina, ga ni nan tafe". Abin da ya sa ta koma kasuwa da banki da ɗan aike lokaci guda shi ne hanya ta yi wa mutane wuya, sai suka nemi abin da zai yi tafiyar a madadinsu.

Kuma garuruwan nan uku hanya ce ta raine su. Gusau ta bunƙasa ne bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, ta zama matattarar gyaɗa da auduga, tun kafin ta zama hedikwatar jiha a 1996. Tsafe ita ce ƙofar jihar ga wanda ya taso daga Funtuwa. Bungudu na kan titin da ya nufi Maru da Talatar Mafara har Sakkwato. Garin da abincinsa ke kan titi shi ya fi kowa jin jiki idan titin ya lalace.

Dalili na farko da ya sa hanya ta yi wuya kowa ya san shi, tsoron 'yan bindiga. Sunaye irin su Magazu da Kucheri da Wanzamai, waɗanda da can ƙauyukan bakin titi ne da matafiyi ke wucewa bai ko lura ba, sun zama wuraren da fasinja ke yin tsit a mota, kowa yana addu'a a ransa. Direbobi suka koyi lissafin lokaci: kada a yi sammako da yawa, kada kuma la'asar ta yi sanyi ana daji. A watan Satumban 2021 Sarkin Bungudu da kansa aka sace a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Talaka ya karanta wannan labari daidai: in mai rawani da 'yan rakiya bai tsira ba, to ɗan kasuwa mai ɗauke da kuɗin buhu 50 na masara a jikinsa me zai ce? Tsabar kuɗi a tafiya ta zama abin da ke jawo wa mai ita bala'i, kuma duk tafiyar da za a iya fasawa sai aka fasa ta.

Na biyu kuɗin mota. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Wanda zai kai wa ɗan'uwansa naira 10,000 ya ga kuɗin zuwa da dawowa za su cinye wani kaso mai tsoka a ciki, alhali mai POS 'yan ɗaruruwa zai karɓa. Ba a bukatar wani malamin tattalin arziki ya yi masa bayani.

Amma abin da ya tura har waɗanda ba sa so cikin harkar waya shi ne wahalar kuɗi ta farkon 2023. Babban Bankin Najeriya, a zamanin Godwin Emefiele, ya sanar a Oktoban 2022 cewa za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su fito yadda za su isa ba. A jihar da yawancin rassan banki suka taru a Gusau, wannan ya zama azaba biyu ga mutumin ƙauye: ya yi kasadar hanya ya zo birni, ya kwana a layi, ya koma hannu rabbana. Ba mamaki da Zamfara ta kasance ɗaya daga cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, har kotun ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki zuwa ƙarshen shekarar. Sai dai kafin hukuncin ya zo, mai nama da mai shayi da mai kayan miya sun riga sun buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, sun rubuta lambar a kwali sun rataye. Da kuɗi suka dawo, kwalin bai sauka ba.

Akwai wani ƙaramin dalili da ba a cika ambata ba, saƙon murya. Da a ce sai da rubutun boko ake ciniki a waya, da rabin masu harkar nan ba su shiga ba. Amma dattijon da bai taɓa zama a aji ba yana iya danna waya ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya faɗi adadin buhunan da yake so, kamar yana tsaye gaban mutum. Haɗa wannan da wayoyin Tecno da Itel masu sauƙin kuɗi, da rumfar mai caji da ke aiki da sola ko ƙaramin janareto inda wutar lantarki ba ta da tabbas, sai ka ga an cire shingen ƙarshe.

Ba a san zurfin dogaron nan ba sai da aka gwada cire wayar. Ranar 1 ga Satumban 2021 aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandare ta Kaya a Maradun, wata shida bayan sace 'yan matan Jangebe. Bayan kwana biyu hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa bukatar gwamnatin jihar ta Bello Matawalle. An ce mako biyu. A lokacin an riga an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da mai a jarka, an hana safarar dabbobi. Gusau ba ta sami sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuma suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba.

Abin da ya biyo baya yana da ban dariya in ba don zafinsa ba. Mutanen da suka rungumi waya don gudun hanya sai ga su a kan hanyar don neman waya. Aka riƙa hawa mota daga Gusau, a ratsa ta Tsafe da dajin nan da ake tsoro, a je Funtuwa don kawai a yi kira ko a tura kuɗi. Mutum ɗaya yakan tafi da wayoyi da lambobin maƙwabta, ya zauna ya isar da saƙon kowa, ya dawo da amsa. Ba a jima ba Katsina ma ta kashe sabis a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar, sai tafiyar ta ƙara nisa. Wasiƙa ta dawo: a rubuta a ba direba a tasha. Na'urar POS ta zama kwalliya a kan tebur. Mai haƙuri a asibiti ba ya iya sanar da danginsa, ɗalibi ba ya iya karɓar kuɗin abinci daga gida.

Shin matakin ya yi amfani? Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Da waya ɓarayin daji ke cinikin kuɗin fansa, da ita masu ba su rahoto, waɗanda ake kira infoma, ke faɗa musu wace mota ta taso da wanda ke ciki. Amma wayar da infoma ke amfani da ita, ita ce mutanen ƙauye ke kiran jami'an tsaro da ita, su kuma gargaɗi ƙauyen gaba cewa an ga babura sun nufo su. Ɗan bindiga yana da babur da ƙafa da 'yan aike, yana iya tafiya inda sabis yake. Matar da ke naƙuda a wani ƙauyen Tsafe ba ta da wannan. A ganina nauyin ya fi faɗawa kan wanda ba shi aka nufa ba, kuma abin da ya biyo baya bai nuna an karya lagon matsalar ba: a Satumban 2023 har ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, aka shiga aka kwashi ɗalibai.

Ribar sauyin nan a fili take, kuma bai kamata a raina ta ba. Wadda ta fi kowa cin moriya, a nawa lissafin, ita ce matar da ke cikin gida. Da can sana'arta ba ta wuce inda tallan 'yarta ya kai ba. Yanzu tana sa hoton atamfa ko turaren wuta ko kayan kicin a waya, a zaɓa, a tura mata kuɗi, ɗan acaɓa ya kai. Manomi yana iya jin farashin waken soya a Funtuwa kafin ya amsa tayin ɗan kasuwa a ƙofar gidansa. Direbobi na kiran junansu su tambayi lafiyar hanya kafin su tashi. Matasa da yawa da suka gama makaranta ba aiki sun sami abin yi a ƙarƙashin laima. Har gidajen kallon ƙwallo abin ya taɓa: inda tsoro ya hana zaman dare, yaro na bin wasan Arsenal ko Real Madrid a wayarsa, musun da ake yi a benci ya koma cikin zauren WhatsApp. Ko hakan ci gaba ne, masu gidajen kallo ne za su faɗa.

Asarar kuma ɓoyayya ce, shi ya sa ta fi bukatar a tsaya a kanta. Kowane motsi na kuɗi yanzu yana da haraji. Mai POS ya cire nasa, akwai naira 50 da gwamnati ke karɓa a kan turawar da ta kai 10,000, ga kuɗin data da kira da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Attajiri ba ya jin wannan. Wanda ke cire naira 3,000 yau, 2,000 gobe, shi ke biyan kaso mafi girma na abin da ya samu. Ga kuma sababbin hanyoyin cuta: alat na ƙarya da ake nuna wa mai shago a tafi da kaya, da kiran "daga banki muke, faɗo mana lambarka", wanda ya fi kama dattawa da mata. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba dole ta ba wani lambar sirrinta, amanarta duka na hannun yaron da ta aika. Shi kansa mai POS, da yake kowa ya san yana kwana da tsabar kuɗi, ya gaji haɗarin da ɗan kasuwa ya sauke.

Sai abin da ba a iya ƙirgawa. Garin bakin titi kamar Tsafe yana ci ne daga wanda ya tsaya: mai tsire, mai faci, mai ruwan sanyi, mai abinci. Kuɗin da ya wuce ta iska ba ya tsayawa ya sayi komai. Zumunci ma ya canja kama. Ta'aziyya da barka da a da sai an je an zauna a tabarma, yanzu saƙon murya da ɗan abin da aka tura sun wadatar, kuma ba mai ganin laifin kowa tunda an san halin hanya. Hausawa dai sun ce zumunci a ƙafa yake, yaran da ke tasowa yanzu kuwa akwai waɗanda ba su taɓa ganin ƙauyen kakanninsu ba, alhali bai fi tafiyar awa guda ba. Wayar kuma da ke kawo gargaɗin gaskiya ita ke kawo jita-jita, tsohon bidiyo daga wata ƙasa a ce yanzu ya faru a bayan gari, kasuwa ta watse.

Wanda aka bari a baya shi ne mutumin ƙauyen da ba turken sadarwa, ko wanda aka lalata turken ba a gyara ba. Shi ba hanya, ba sabis. Sai ya hau tudu ko bishiya yana ɗaga waya sama. Tazarar da ke tsakaninsa da mazaunin Gusau ta fi ta da faɗi, domin a da aƙalla mota ɗaya suke hawa.

Idan aka auna duka, waya ta ceci kasuwanci da zumuncin Zamfara daga tsayawa cak, wannan ba musu. Amma kuɗi da magana kaɗai take ɗauka. Masara da taki da mara lafiya har gobe sai sun hau mota sun bi ta Wanzamai, kuma direban da ke ɗauke da su shi ke yin kasadar da sauran jama'a suka sayi kansu daga gare ta da naira 200 na mai POS. An aza harsashin filin jirgin sama a Gusau a 2024, abu ne mai kyau, sai dai manomin Bungudu ba da jirgi zai kai amfanin gonarsa kasuwa ba. Ga hukumomi, kira biyu ne: a ɗauki turken sadarwa a matsayin abin da ake tsarewa kamar gada, kada a sake kashe wa jiha guda sabis ba tare da an tanadi yadda asibiti da mai neman agaji za su yi ba, sannan a mai da hankali kan titin Funtuwa zuwa Gusau zuwa Sakkwato, har ya zama mutum na iya tasowa bayan la'asar ya isa gida lafiya.