Abin da Birni ke Ci a Dajin Alakos

Alakos ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gure, jihar Damagaram, can inda gonakin gero ke ƙarewa filin kiwo ya fara. Wanda ya ji ana maganar ɓarnar da bunƙasar birane ke yi wa halittun daji zai ce ina ruwan Alakos, wurin da babu bene babu masana'anta. To, ai birni ba sai ya tako da ƙafarsa yake cin daji ba. Aike yake yi.

Birnin Damagaram, wanda ya riƙe hedikwatar Nijar har 1926, jama'arsa ta haura dubu 300 a ƙidayar 2012, kuma galibin gidaje da itace suke ɗora tukunya. Haka abin yake a Gure da Tanut. Da dajin kusa ya ƙare, sai masu sara da masu amalanke suka riƙa ƙara nisa.

Amma ni a ganina ɓarnar da ta fi muni ita ce wadda ba a cika lura da ita ba, wato kwasar ciyawa. Da zarar kaka ta wuce, sai ka ga samari da manjagara suna share busasshiyar ciyawa ƙarƙaf, a ɗaure, a loda, a kai wa masu turken ragunan layya a gari. Talaka ne ke neman na hatsi, ba mai ganin laifinsa. Sai dai manjagara ba ta bambanta kara da iri. Tana tafiya da ƙwayar da za ta tsiro baɗi, ta bar ƙasa tsirara. Iskar hunturu na zuwa ta tayar da yashi, tudun rairayi ya kama tafiya, ya binne gona, ya cike kwarin da goriba da dabino suke sha. In damina ta dawo, abin da ke rigan kowa fitowa shi ne tumfafiya da fataka da garmani. Matafiyi a mota zai ga kore shar ya ce an yi damina, makiyayi kuwa ya san shanunsa da yunwa za su kwana.

Tsaya ƙarƙashin aduwa guda ɗaya ka duba. Inuwarta na tsare laima, don haka ciyawar gindinta ta fi daɗewa. Awaki na cin 'ya'yanta su kai ƙwallon wani wuri ya tsiro. Zuma na shan furenta, tsuntsaye na sheƙa a reshenta, su kuwa tsuntsayen nan su ke rage fara da tsutsar da ke cin gero. Ranar da gatari ya kayar da ita, duk waɗannan ne suka tashi, manomi kuma ya biya kuɗin a rumbunsa ba tare da ya san dalili ba.

Mun saba ɗora komai a kan fari. Gaskiya ne farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi ba adadi. Amma tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya fili, kuma gonaki sun daɗe da tsallake ta. Wannan kam ba fari ba ne.

Manyan namun daji su suka fara shan wuya, tun ranar da bindiga ta haɗu da mota mai shiga yashi. Mariri ya ɓace daga daji baki ɗaya, har a shekarar 2000 masana suka tabbatar babu shi sai a hannun mutane, sai a 2016 aka fara mayar da shi daji a Chadi. Jimina, wadda gashinta ya taɓa zama hajar fatake zuwa Tarabulus, yau a Kelle, nan maƙwabta, cikin shinge ake kiwonta don kada irinta ya ƙare. Mena ma, barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ke ɗauke da sunanta, 'yan ƙalilan suka rage a duwatsun Termit da Ayar.

A 2012 gwamnati ta keɓe gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita dubu 97, mafakar adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho. Amma kafin nan an riga an fara aikin man fetur na Agadem, wanda ake turowa ta bututu zuwa matatar Soraz da aka buɗe a 2011. Hanyoyi suka ratsa hamada, masu farauta suka bi sawu. Binciken da aka yi a 2016, ta sama da ta ƙasa, adaks uku kacal ya gano. A 2019 kuma aka sake shata iyakar gandun, aka fitar da yankin mai daga ciki.

Gyara ba gagara ya yi ba. Manoman Matamai da Magarya da Mirya sun dawo da gawo gonakinsu ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa, suna sassabe shi maimakon su tumɓuke. Alakos ba ta kai su ruwan sama ba, don haka nata aikin sai ya fi ƙarfi wajen tsare abin da ya rage: shugabannin ƙaramar hukuma da hakimai da ardo-ardo su hana kwasar ciyawa a makiyaya, su kare burtali daga gona, su sa ido a kan masu saran ɗanyen ice.

Kai kuma ɗan birni, in kana da halin sayen tukunyar gas ko murhu mai tsimin itace, ka saya. In kuma an sauke maka damin ciyawa a ƙofar gida, tambayi mai amalanken daga ina ya sharo ta.