YANAR IDO GA MAI ƘURUCIYA

Kowa ya san yana ciwon tsufa ce. In dattijo ya ce yana ganin hazo ko da damina, ba mai mamaki. Amma akwai wadda kan kama saurayi ko matar aure mai shekara 25 ko 35, ta kuwa zo da gaggawa. Mutum ya yi shuka da idonsa garau, kafin a kai dawa rumbu ya kasa gane fuskar ɗansa.

Ga yadda abin yake. A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wata 'yar ƙwaya garau kamar gilashi, ta cikinta haske kan wuce. In ta gurɓace ta yi fari kamar nono, ita ce yana. Ba ita ce hakiya ba. Hakiya tabo ce a bisa ido, daga waje.

To, in yana ta kama mai ƙuruciya, sau da yawa akwai dalili, sai a neme shi. Babba shi ne ciwon sukari. Wanda ke yawan ƙishirwa, da yawan fitsari da dare, yana ramewa, sa'an nan ganinsa ya dushe, a auna jininsa maza. Irin wannan kan kama ido biyu cikin 'yan watanni.

Wani dalilin kuwa mu ke sayo shi da kuɗinmu. Akwai maganin ɗigawa da akan saya a kemis ko a kasuwa domin ƙaiƙayin ido. Waɗansu suna da sinadarin da likitoci ke kira siteroyid. Yakan kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa mutane ke sonsa, amma wanda ya lazimce shi wata da watanni yana iya jawo wa kansa yana. Haka kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗansunsu irinsa ne. Mai gida, duba abin da iyalinka ke sha.

Sai bugu. Kara ko ƙaya ta soki ido a gona, ko tsakuwar danƙo, ko bulala. Yana kan biyo baya a wannan idon, ko da bayan shekaru. Akwai kuma ta gado, da wadda kumburin cikin ido kan kawo.

Maganin fa? Ba kwalli, ba tsimi, ba ɗigo da ke narkar da yana. Aiki ne kaɗai. Likita kan kashe zafin ido, ya cire ƙwayar da ta ɓaci, ya sa ta roba a madadinta. Yawanci ba ya wuce rabin sa'a, kashegari a buɗe idon. Ba sai an jira ta nuna ba, watau ta rufe ido ruf. Mai ciwon sukari kuwa sai an daidaita sukarinsa tukuna.

Ku yi hankali da masu bin ƙauyuka suna tura yana da tsinken ƙarfe. Ba cirewa suke yi ba, cikin ido suke jefa ta. Mutum ya ga haske yau, ya yi murna, ya biya akuya, bayan kwanaki ido ya kumbura. A binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 an tarar yawancin idanun da aka yi wa haka ba su gani.

Mutanen Dambatta da Bichi da kewaye, ku fara zuwa babban asibitin da ke kusa da ku, daga can a tura ku Kano. Akwai Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ido na ECWA wanda mishan suka buɗe tun 1943. Ku tafi da kwalaben magungunan da majinyaci ke amfani da su, likita ya gani, ku kuma tafi da ɗan rakiya. Bayan aiki za a hana shi shiga ƙura da ɗaukar kaya na 'yan makonni, saboda haka a ajiye masa sussuka da shiƙa sai likita ya yarda.