Kogon da Aka Gano a Jikin HIF-2

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin ɗan Adam akwai wasu furotin da ke hawa kan DNA su ba da umarni: a karanta wannan ƙwayar gado, a bar waccan. In ɗayansu ya ƙi sauka daga aiki, yakan jawo ciwon daji.

Shekara da shekaru masu haɗa magani na kallon waɗannan furotin, gani nan bari nan. Maganin da ake haɗiya ƙanƙane ne ƙwarai, sai ya sami rami a jikin furotin zai maƙale, kamar ɗan makulli a kwaɗo. Su kuwa masu ba da umarnin, yawancinsu jikinsu sumul yake. MYC, wanda ke da hannu a ciwon daji iri-iri, har yau babu wani magani a kasuwa da ke kama shi kai tsaye.

Cikin masu ba da umarnin, HIF-2 ya fita daban. Aikinsa shi ne ya tashi idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, ya sa a ƙara jijiyoyin jini da jajayen ƙwayoyin jini. In iska ta wadata, wani furotin mai suna VHL ke sa a kawar da shi. Wanda ya gaji lalataccen VHL, HIF-2 kan taru masa, ƙari ya tsiro a ƙoda, ko ƙwaƙwalwa, ko ido. Gano yadda wannan tsari ke aiki ne ya kai William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza ga kyautar Nobel a 2019.

A Dallas ta Amurka, masu bincike Richard Bruick da Kevin Gardner suka ci karo da wani ɗan kogo can cikin HIF-2, ba komai a ciki sai ruwa. HIF-2 ba ya iya aiki sai ya manne da abokinsa ARNT. Da aka cusa ɗan sinadari a kogon, sai siffarsa ta ɗan karkace, suka kasa haɗuwa, kamar tsakuwa ta shiga tsakanin tukunya da murfi.

Kamfanin Peloton ya ɗauki aikin, kamfanin Merck ya sayi Peloton a 2019, kuma a watan Agustan 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin da ya fito daga aikin, belzutifan. A gwajin da aka yi da mutum 61, ƙarin ƙodar kusan rabinsu ya motse. Sai dai HIF-2 ɗin ne ke sa ƙoda ta fitar da sinadarin da ke haifar da jini, don haka mafi yawan masu shan maganin na fama da ƙarancin jini, dole likita ya riƙa auna musu akai-akai.