Rajistar Makarantun Boko da Binciken Asalin Iyali a Arewacin Nijeriya

A 'yan shekarun nan an samu ƙaruwar masu neman asalin gidajensu waɗanda ke komawa ga tsofaffin takardun makarantun boko, musamman rajistar shiga, wato kundin da hedimasta ke rubuta sunan kowane yaro da sunan mahaifinsa ko mai riƙonsa da garinsu da shekarar da aka ɗauke shi. Babban abin da ya jawo haka shi ne ƙarewar dattawan da ke riƙe da salsala a ka, ga kuma ƙaura zuwa birane da ta raba jikoki da zaurukan da ake jin irin wannan labari. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da hotunan aji da ake yaɗawa a Facebook sun ƙara wa abin armashi.

Darajar waɗannan kundaye ta samo asali ne daga ƙarancin wasunsu, domin rajistar haihuwa ba ta zama tilas a faɗin Nijeriya da wuri ba, saboda haka sau da yawa rajistar makaranta ce takarda ta farko da sunan mutum ya hau. Tarihinta a ƙasar Hausa ya haɗa da makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina da ta fara aiki a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. A ƙarƙashinsu a wancan zamani akwai makarantun elementare da na midil waɗanda En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ke gudanarwa.

Sai dai mai karanta rajista yana bukatar sanin yadda aka cike ta. Malamai kan liƙa wa yaro sunan garinsu domin a bambanta Muhammadu da Muhammadu, shi ya sa Sardaunan Sakkwato ya yi karatu a Katsina da sunan Ahmadu Rabah, kuma ta wannan al'ada sunaye irin su Shehu Shagari da Aminu Kano suka zauna. Wannan yana nuna wa mai bincike garin da zai dosa, amma yana iya ɓatar masa da sunan uba, wanda shi ne igiyar salsala. Shekarun haihuwa ma yawanci ƙiyasi ne, tun da akan sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya kai a ce ya isa shiga aji. Abin da ya fi waɗannan rikitarwa shi ne, a zamanin da iyaye ke gudun boko, hakimi ko dagacin da aka ɗora wa kawo yara yakan tura ɗan baransa a madadin nasa, don haka sunan da ke gurbin uba ba lallai ne na mahaifi ba. Gano irin wannan yakan taɓa martabar gida, kuma ya kamata a bi shi da hattara.

Akwai kuma waɗanda rajistar ba ta san da su ba sam. Mata kaɗan ne suka shiga boko a zamanin Turawa, almajiran makarantun allo kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, tarihinsu yana cikin ƙwaƙwalwar malamansu da ijazar da ke lissafa wanda ya karantar da wane. Sai da shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 sunayen 'ya'yan talakawan karkara suka shiga kundi da yawa.

Halin da takardun ke ciki abin damuwa ne ƙwarai. Ƙirƙiro jihohi a 1967 da rushe tsarin En'e a 1976 sun warwatsa fayiloli, wasu suka isa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa, da yawa kuma suka rage a kabad ɗin ofishin hedimasta, inda gara da yoyon damina ke cin su shafi bayan shafi. Wajibi ne hukumomin ilimi na jihohi da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ɗauki hoton kowace rajista da ta rage, su kuma zauna da dattawan da suka san masu sunayen tun suna raye.