Tsoron Dala Bai Mutu Ba

Kakata ba ta yarda mu hau Dutsen Dala da tsakar rana ko bayan magariba. Cewa take yi lokacin masu wurin ne, kuma ba ta taɓa kiransu da suna ba.

Wannan tsoro ya girmi ganuwar Kano. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a nan Barbushe, shugaban mutanen wurin a da, yake zaune, shi ne mai shiga wurin Tsumburbura, abar bautarsu, wadda ke cikin wata bishiya da aka kewaye da katanga. Duk wanda ya kutsa ciki in ba shi ba, sai dai gawarsa. Mutane kan kawo baƙin bunsuru, baƙar kaza da baƙin kare, shi kuma ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Sarkin Kano Tsamiya ne ya rushe katangar a ƙarni na 14.

Yau yara na tsere a matakalar dutsen, matasa na ɗaukar hoto a sama. Amma fa ka tambayi dattawan unguwar, za ka ji labarin kiɗan dare da ba a ga makaɗa ba. Ni dai iska nake zargi. Duk da haka ban hawa da daddare.