Neman Asalin Kakanni Cikin Littafin Kuɗin Da Ba A Karɓa Ba

Gobarar da ta tashi a Kasuwar Litinin ta Maiduguri ran 26 ga watan Fabrairu, 2023, ta lashe haja mai ɗimbin yawa, ta kuma haɗa da tsofaffin rasidai da littattafan bashi waɗanda 'yan kasuwa suka gada. Abin da wuta ta rage, ruwa ya bi ta kansa a watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. Ga jikokin fataken da suka zo Yerwa daga ƙasar Hausa, wannan hasara ta taɓa asali, domin a irin takardun nan ne sunayen iyaye suke.

Amma akwai inda sunayen suka tsira. Bayan dokokin 1972 da 1977 da suka tilasta wa kamfanonin baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, 'yan kasuwa da dama sun saya. A wancan lokaci ta gidan waya ake aiko musu da riba, in mutum ya rasu ko ya ƙaura sai takardar ta koma. Sunansa da adireshinsa kuwa suna nan cikin rajistar kamfani, ana kuma iya binciko sunan a shafin intanet na hukumar SEC. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara 6 ba a karɓa ba a mayar da ita wani asusun amana, mai ita ko magajinsa na iya nema. A 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su bayyana sunayen masu ajiyar da aka daɗe ba a taɓa ba. Wanda kakansa ya yi ajiya a Bank of the North, sai ya sani cewa cikin Unity Bank aka narkar da shi a 2006.

Wahalar tana wajen suna. Mutum guda na iya zama Abubakar a banki, Garba a gida, Bukar a bakin maƙwabtansa Barebari. Haka Muhammadu kan koma Mamman ko Modu. Akawu kuwa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Dole mai bincike ya gwada kowanne. Abin da ke taimako shi ne al'adar nan ta jingina suna ga gari: wanda aka rubuta Kazaure ko Gumel a bayan sunansa ya riga ya nuna inda za a je tambaya. In adireshin ya ce a hannun wane, watau an sami maigidansa ko abokin cinikinsa ke nan, wataƙila zuriyarsa na nan cikin kasuwar.

Rajista ba ta faɗin mata da 'ya'ya. Wannan sai littafin rabon gado na kotun alƙali, inda ake jera magada da rabon kowa, shi ma in gara ba ta riga mai nema ba.