Ciwon Damuwa da Tausaya wa Kai

Ciwon damuwa da fargaba cuta ce, ba ragwanci ba. Mai ita yakan kasa barci, ya guji jama'a, kullum yana zargin kansa. Wani masani a Ingila, Paul Gilbert, ya lura waɗansu majinyata sun karɓi nasiha, amma da muryar tsawa suke maimaita wa kansu ita, saboda haka ba ta sanyaya musu rai. Sai ya riƙa koya musu jan numfashi sannu sannu, da yi wa kai magana yadda mutum kan lallashi ƙaninsa.

In an kawo wa Hakimi irin wannan, kada ya ƙara masa da faɗa. A kai shi asibiti; akwai na ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri. In ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a kwana.